Gida a bakin gulbi: me mai saye ke samu, me kuma yake sayo wa kansa?

Shin dabara ce mutum ya cire kuɗinsa ya sayi gida ko fili a ƙauye, kusa da gulbi ko tafki? Tambayar ta daɗe tana yawo a bakin 'yan kasuwa da ma'aikata masu shirin ajiye aiki a Maradi, waɗanda filin birni ya yi musu tsada, ga kuma sha'awar garkar mangwaro da zogale da 'yan dabbobi a bayan gida. Ta ƙara zafi bayan daminar 2024, lokacin da jihar Maradi ta shiga cikin jihohin da ambaliya ta fi yi wa ɓarna, har ruwan ƙarshen watan Agusta ya rusa gidaje ya ci rayuka a cikin birnin kansa. Tun daga nan aka rabu biyu. Wasu na cewa duk wanda ya matsa kusa da ruwa ya sayi wahala, wasu na cewa a ƙasa irin tamu arziki yana inda ruwa yake. Kowanne ya riƙe rabin gaskiya, domin ruwan da ake magana a kai ba iri ɗaya ba ne, kuma wurin da ya dace da gona ba lalle ya dace da ɗakin kwana ba.

Wane ruwa ake nufi?

Gulbi shi ne babban rafin da ke gudu da damina ya ƙafe da rani. Gulbin Maradi daga ƙasar Katsina ya fito, inda ake ce masa Gada. Yana shigowa Nijar ta kudancin Madarumfa, ya bi ta gefen Maradi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya haɗu da Rima. Ma'anar wannan ga mai gida a bakinsa ita ce ruwa zai iya cika gulbi alhali ko ɗigo bai sauka a kansa ba. An yi ruwa can kudu, ko madatsar Jibiya ta cika ta yi amai, sai kawai a wayi gari a ga gulbi ya kawo. Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Mayahi, halinsa daban ne: yawancinsa tsohon kwari ne mai goriba, ruwansa a ƙarƙashin ƙasa yake, ba kasafai yake gudu a sama ba.

Tafki kuwa ruwa ne kwantacce. Akwai mai shekara, kamar tafkin Madarumfa, akwai wanda ke ƙafewa kafin tsakiyar rani. Sai ƙorama ko kwazazzabo, hanyar da ruwan tudu ke bi ya gangara gulbi. Wannan ta fi kowanne yaudarar baƙo, don da rani yashi ne kawai shimfiɗe, yara na wasa a ciki, amalanke na bi.

Fadama ita ce ƙasar kwari mai laka da ke kewaye da gulbi ko tafki. Jigawa ita ce tudun yashi da ke samanta. Duk maganar da ke tafe tana komawa ga bambancin waɗannan biyu.

Abin da ke jawo mutane

Amfanin gaskiya ne, ba talla ba ce. A fadamar Gulbin Maradi ana iya samun ruwa cikin 'yan mitoci, alhali a arewacin jihar, wajen Dakoro, akan yi rijiyar gaba talatin zuwa sama kafin a ga danshi. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, amma kuɗin tonon ba ɗaya ba ne. Mai fili a fadama yana noman rani: albasa, tumatir, tattasai, kabeji, masara, ga zogale da ake yanka kusan duk shekara, wanda Jiratawa ta yi suna da shi. Ƙasar tana da ƙarfi saboda dagwalon da ruwa ke ajiyewa duk lokacin da ya malala. Itatuwan marmari suna kama ƙasa da wuri, dabba tana samun ɗanyar ciyawa lokacin da jigawa ta zama fayau, inuwa kuma tana rage zafin Afrilu da Mayu. Kusa da tafki ga kifi.

Sai dai a yi lissafi kafin a yi murna. A lokacin zafi kayan lambu na shan kusan lita 6 zuwa 8 a kowane murabba'in mita a rana. Garka mai murabba'in mita 1,000 tana neman lita 6,000 zuwa 8,000 ke nan kullum, wato duro 30 zuwa 40 na lita 200. Guga ba za ta yi wannan ba, sai inji. Injin ban ruwa da ake ajiyewa a bakin rijiya kuwa ba ya iya tsotso ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, komai girmansa. Shi ya sa za a ga masu lambu sun haƙa rami a gefen rijiya sun sauke injin ciki. Wanda ya auna rijiya a watan Oktoba ya ga ruwa a mita 4 kada ya ɗauka haka zai same shi a watan Mayu. Ya tambayi maƙwabta inda ruwan ke komawa a ƙarshen rani, domin idan ya nutse ƙasa da mita 8, dole a koma ga famfon da ake zurawa cikin ruwa, na sola ko na janareto, kuma kuɗinsa daban ne. Tun da aka gina madatsar Jibiya a farkon shekarun 1990 gulbin bai ƙara malala a fadama kamar da ba, abin da ya rage ruwan da ke tsuma cikin ƙasa. Rabon ruwan gulbin nan yana cikin abubuwan da Nijar da Najeriya suka sa wa hannu a yarjejeniyar Maiduguri ta 1990.

Hanyoyi uku da ruwa ke shiga gida

Mutane sun fi tsoron ta farko, wato gulbi ya tumbatsa. Wannan ba sabon abu ba ne gare mu. Tsohon garin Maradi a cikin kwari yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka tayar da shi aka hau tudu. Abin da ya canza shi ne shekarun fari na 1970 da 1980, da kuma madatsar ruwa, sun sa mutane sun saba ganin fadama a bushe, sai aka yi ta gini inda kakanni ba su taɓa kafa ko bukka ba. Gulbin kansa ya cike da yashi a wurare da dama, ruwan da a da cikinsa ke ɗauka yanzu sai ya fita gefe. A kula kuma da lanƙwasar gulbi. Gaɓar da ke bayan lanƙwasa, inda ruwa ke dukawa, ita ake ci duk shekara, ɗaya gefen kuma yashi yake tarawa. Fili mai gaɓa a tsaye kamar an yanka da wuƙa, saiwoyin itatuwa a waje, fili ne da ke raguwa.

Ta biyu ita ce ruwan tudu, kuma ita ce ke cin gidajen da suke ganin sun yi nesa da gulbi. Ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 50, ya zubo lita 5,000 a tsakar gida cikin awa ɗaya ko biyu. To a haɗa da na dukan gonakin da ke sama, waɗanda aka sare itatuwansu, ƙasarsu ta yi tauri ba ta shan ruwa. Duk wannan ruwan gulbi yake nema, kuma gidan da ke gindin gangare a kan hanyarsa yake. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a kewaye fili da katangar bulo ba tare da an bar kafofi a gindinta ba. Katangar sai ta zama madatsa, ruwa ya taru a bayanta, ta faɗi gaba ɗaya, ruwan ya afka ɗakuna da ƙarfin da bai zo da shi ba.

Ta uku ba ta da hayaniya, amma ita ce ke tsufar da gida. Inda ruwan ƙasa ke kusa, danshi na hawa bango daga tushe, ya ɗauko gishiri da kanwa, gindin bango ya yi fari yana marmashewa. Baƙar lakar fadama kuma tana kumbura da damina, ta tsuke ta tsattsage da rani. Tushen gini yana ɗagawa yana sauka tare da ita, shi ya sa ake ganin tsaga ta tashi daga kusurwar taga ta yi sama a karkace. Toshe tsagar da siminti ba magani ba ne, baɗi za ta dawo. Ginin laka da ya kwana biyu gindinsa cikin ruwa zai iya zubewa ko da ruwan bai kai gwiwa ba. A tuna cewa a ambaliyar ƙasar nan ba nutsewa kaɗai ke kashe mutane ba, rushewar ɗaki cikin dare tana ɗaukar rayuka masu yawa.

Yadda ake karanta fili

Kada a sayi fili kusa da ruwa da ganin rani kaɗai. Mai sayarwa ya fi son a zo a watan Fabrairu, garka kore shar, hanya a bushe. Mai saye ya koma a watan Agusta, kashegarin babban ruwa, ya taka da ƙafarsa. Zuwa da kai ya fi aike.

Ƙasa da itatuwa suna ba da shaida. Inda aka ga giyayya ko kacala, ko bagaruwa ta yi cincirindo a kwari, ruwa yana kwanciya a wurin. Inda sabara ta yi yawa, yashin tudu ne. Tsagar da hannu ke shiga da rani alamar baƙar laka ce. A ɗaga kai a duba rassan itatuwa da shinge: ciyawa da kara da leda da suka maƙale a tsayi ɗaya su ne sa hannun ambaliyar da ta wuce. A duba gindin tsofaffin gine-gine da rumbuna, a ga tsayin duwatsun da aka ɗora su a kai. Sannan a nemi dattijan garin, ba ɗaya ba, kuma ba dangin mai sayarwa kaɗai ba, a ce su nuna da ƙafa inda ruwa ya tsaya a shekarar da ta fi kowace. Mata masu zuwa ɗibar ruwa da itace sukan san wannan fiye da masu zaman fada.

Idan an samu wannan alama, a nemo magini da siririn tiyon nan mai haske da suke cika wa ruwa don daidaita gini, ya auna bambancin tsayi tsakanin alamar da inda za a sa tushe. Ido yana ruɗi a fili mai faɗi, gangaren rabin mita ba ya ganuwa. A ƙarshen damina kuma a haƙa rami mai zurfin mita ɗaya da rabi a bar shi ya kwana. Idan ruwa ya tsatso, wurin na lambu ne, ba na masai da tushen gida ba.

Filin waye?

Nan ne mutanen birni suka fi asara, don suna ɗauka duk abin da aka biya kuɗi aka yi shaidu ya zama nasu. Dokar ruwa ta ƙasa ta sanya gulbi da tafki cikin dukiyar al'umma, har zuwa iyakar da ruwa ke kaiwa idan ya cika, da ƙarin ziri na mita 25 a bayanta. Ba mai ikon sayar da wannan, ko da kakansa ne ya fara noma wurin. Haka burtali da mashaya da makiyaya: dokar kiwo ta 2010 ta kare su, kuma ba a toshe wa dabbobi hanyar ruwa. Wanda ya zagaye fili da waya ya haɗa da burtali zai ga garke a ƙofarsa da kaka, kuma gaskiya ba tasa ba ce. Makiyayin ba shigo masa ya yi ba, mai filin ne ya zauna a kan hanyar da aka daɗe ana bi. Bayan an sanar da ranar sakin gonaki, kare amfanin rani nauyin mai lambu ne, don haka kuɗin shinge yana cikin kuɗin filin. Tafkin Madarumfa ma yana da ƙarin matsayi, don an sa shi cikin wuraren dausayi masu muhimmanci na duniya a 2019, ga masunta da ke ci daga gare shi, ga kaburburan waliyyai da ake ziyarta a kewayensa.

Tun dokar tsarin karkara ta 1993 akwai hukumomin kula da filaye: Cofob a matakin gari, wadda mai gari ke shugabanta, Cofocom a ma'aikatar magajin gari, Cofodep a matakin gunduma. Takardar ciniki ta Cofob ita ce matakin farko, ba takardar hannu da aka rubuta a gindin bishiya ba. A fita fili da maƙwabtan kusurwa huɗu, a taka iyaka a gabansu, a kafa alama ta siminti, sannan a kai takardar gaba a yi mata rajista.

Kafin nan a binciki yadda filin ya zo hannun mai sayarwa. Gado ne, saye ne, aro ne, ko jingina? Gonar fadama tana da daraja, shi ya sa ake yawan barinta ba a raba ba, babban wa yana nomawa a madadin kowa. Idan shi kaɗai ya sayar, ranar da ƙaninsa ya dawo daga Libiya ko Aljeriya, ko 'yar'uwarsu da ke aure a wani gari ta nemi rabonta, cinikin zai koma gaban alƙali. A nemi yardar dukan magada, har da mata, a rubuce.

Akwai wani gefe na wannan ciniki da ya kamata a faɗa. Duk garkar da ɗan birni ya saya, wani gida ne ya rabu da abin da ke ciyar da shi da rani. Da yawa matsin abinci ko rashin lafiya ko biki ne ke sa a sayar, kuɗin ya ƙare cikin wata biyu, mai gona ya koma ɗan ƙwadago a gonarsa. Haya ta shekaru a rubuce, ko noman raba-daidai, sau da yawa ta fi sayen alheri ga ɓangarorin biyu, kuma tana ba baƙo damar ganin damina biyu ko uku kafin ya zuba dukiyarsa.

Lafiyar iyali

Sauro a ruwa kwantacce yake hayayyafa, daga ƙwai zuwa mai cizo kwana bakwai zuwa goma ne a lokacin zafi. A jigawa zazzaɓin cizon sauro yana lafawa bayan damina, amma kusa da tafki da kwatamin ban ruwa lokacinsa yana tsawaita. Gida mai ƙananan yara da mai ciki yana buƙatar gidan sauro ga kowane gado, raga a tagogi, da karɓar maganin rigakafin da ake raba wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 duk wata da damina. A cike ramin da aka ɗebi ƙasar gini, don shi ne kududdufin farko da ke zama gidan sauro, kuma yara na faɗawa ciki.

Tsargiya daga dodon koɗin cikin ruwa take fitowa, ta shiga ta fata lokacin wanka ko wanki ko kamun kifi. Yaron da ke fitsarin jini ba balaga ba ce, ciwo ne, kuma akwai ƙwayar maganinsa a likita.

Ruwan sha shi ne babban abin lura. Kusancin ruwan ƙasa da ke sauƙaƙa rijiya shi ne kuma ke sa masai ya gurɓata ta. A bar aƙalla mita 30 tsakaninsu, masai ya kasance ta ƙasan gangare, gindin raminsa ya tsaya mita ɗaya da rabi zuwa biyu sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa da damina. Inda hakan ba zai yiwu ba, a ɗaga masan sama da ginin bulo. Bakin rijiya a ɗaga shi kamar mita ɗaya, a yi masa daɓen siminti da murfi. Idan ambaliya ta shiga rijiya, a kwashe ta a sa mata sinadarin kashe ƙwayoyin cuta kafin a sake sha. Annobar amai da gudawa ta 2018 a yankin Madarumfa ta fara bayyana. Rijiyar burtsatse mai zurfi ma ba a sha da ganin haskenta kawai: mutanen Tibiri sun ga yadda ruwa mai yawan sinadarin fuloraid ya lalata haƙora da ƙasusuwan yara masu yawa. A kai ruwa a gwada kafin iyali su fara sha.

Hanya da tsaro

A tambaya: a watan Agusta, da tsakar dare, mota ko babur na iya fita da mai naƙuda zuwa likita? Idan akwai ƙorama tsakanin gidan da kwalta, wani lokaci sai a jira ruwa ya wuce. Ita wannan hanyar ce kuma tumatir zai bi zuwa kasuwa.

Maganar tsaro ba a ɓoye take ba. Yankunan Madarumfa da Gidan Rumji da ke kan iyaka sun sha fama da satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa, kuma nan ne fadama mafi kyau take. Gida sabo mai kwano da sola, shi kaɗai a bakin ruwa nesa da gari, yana jawo ido. Zama cikin gari tsakanin maƙwabta, da sanin mai gari, ya fi katanga mai tsawo.

To a saya ko kada a saya?

A ganinmu tambayar ce aka haɗe. A raba ta biyu, kamar yadda garuruwan bakin gulbi suka raba tun da: gona a fadama, gida a tudu. Ƙaramin fili a jigawa cikin gari don iyali, garka a kwari da rumfa da ɗakin ajiye inji, tafiyar minti goma ko ashirin tsakaninsu. Ta haka ana cin amfanin ruwa, kuma shekarar da gulbi ya yi fushi albasa ce za ta tafi.

Wanda ya riga ya sayi gida a ƙasa-ƙasa, ko ba shi da wani wurin, akwai abin yi. Daɓen ɗaki ya ɗara alamar ambaliya mafi girma da aƙalla santimita 60. Tushe na dutse da siminti ne, da ƙarfe a ɗaure kewaye idan ƙasar baƙar laka ce, a shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a samansa kafin a ɗora bango don tare danshi. Idan bangon laka ne, layukan farko su zama na dutse ko bulon siminti. Kada a yaɓa siminti kai tsaye a kan laka a ɗauka an gama, yakan ɓamɓare ya riƙe ruwa a bayansa, laka ta jiƙe ba a gani. Bakin kwano ya fito rabin mita daga bango, indararo ya zubar nesa da tushe, a yi daɓe mai gangara waje kewaye da ɗakin. A bar kafofi a gindin katanga, a yashe su tun watan Mayu tare da lambatun gida. Hatsi da takardun fili da iri a ajiye su a wuri mai tsayi, ko a gidan ɗan'uwa a tudu. Iyali kuma su san tun kafin damina gidan da za su nufa da hanyar da za su bi, kuma idan gindin bangon laka ya jiƙe ko sabuwar tsaga ta bayyana, kada kowa ya kwana a ɗakin a daren nan.